Range Rover Sport 'yar 2012 a Katsina: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Duk wanda ya tsayar da ni a kan motar nan, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: Alhaji, nawa ka saye ta? Har yau ban ga wanda ya ce nawa kake kashe mata a wata ba, alhali a nan maganar take. Range Rover Sport ce ƙirar 2012, wadda ake kira Supercharged, tokumbo ce da ta shigo daga Amurka ta tashar Legas. A Kano na saye ta farkon 2023, na ba da wani kaso hannu da hannu, ragowar na biya wata-wata. Sana'ata taki ne da iri da maganin feshi, shagona yana cikin Katsina, mahaifiyata tana Daura, kayana kuma daga Kano nake ɗaukowa. A kan waɗannan hanyoyi biyu motar ta yi yawancin rayuwarta a hannuna.

Bari in fara ba ta haƙƙinta, don kada a ce na zo ɓata ta ne. Injinta V8 ne mai lita 5, da na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, ƙarfin doki 510. Nauyinta ya haura tan biyu da rabi, amma daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa shida ne da 'yan kai. A takarda wannan lamba ce kawai. A hanyar Kano, inda tirela biyu za su jeru gabanka bayan Kankiya ga mota na tahowa can nesa, a nan za ka san amfaninta: ka taɓa totur, kafin ka gama bismilla ka wuce su ka koma hannunka. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci, a kan jakunkunan iska take zaune, shi ya sa ramin da zai girgiza wa mai Golf hanji, kai a ciki sai dai ka ji ɗan dum. Hajiya mahaifiyata tana da ciwon baya, kuma ita da bakinta ta ce wannan ce kaɗai motar da take zuwa asibiti a Katsina daga Daura ta sauko ba ta nemi wurin kwanciya ba. Da damina na sha shiga gonakin abokan cinikina ta wajen Mani da ita, na ɗaga ta sama da maɓalli, ta ratsa taɓo ba gardama. Wajen tuƙi ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Yanzu kuɗi.

Banki na fara zuwa, ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Tsarinsu na murabaha a fili yake: su sayi motar, su sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali, kuma adadin ba ya canzawa. Ya kwanta mini. Sai dai da jami'in ya ji shekarar motar ya girgiza kai, ya ce ta tsufa da abin da za su sa kuɗinsu a ciki. Ban ga laifinsu ba. Motar da ta shekara goma sha ɗaya ba jingina ba ce da mai hankali zai dogara da ita, domin in ka kasa biya suka karɓe ta, wa za su sayar wa?

Sai na koma wurin mai motar. Ga yadda ciniki ya kasance: kuɗi hannu miliyan 13. In biya kaɗan-kaɗan ne, in ajiye miliyan 8, sannan naira dubu 400 duk wata har wata 18. Jimla miliyan 15 da dubu 200. Dillalin da ya haɗa mu ya ɗauko wayarsa ya danna, ya juyo mini da ita: “Ranka ya daɗe, duba nan. Miliyan biyu da dubu ɗari biyu a kan miliyan sha uku, ko kashi 17 bai cika ba. Wane banki zai ba ka haka?”

Lissafin nan shi ne tarkon da nake son duk mai shirin sayen mota a kan bashi ya gane. Ba miliyan 13 aka ba ni bashi ba, miliyan 8 kuɗina ne. Abin da aka jinkirta mini miliyan 5 ne, kuma a kansa aka ɗora miliyan 2 da dubu 200, wato kashi 44 cikin ɗari. Sannan ba riƙe miliyan biyar ɗin zan yi har ƙarshen wa'adi ba, tun watan farko na fara mayarwa, bashin yana raguwa amma ƙarin yana nan yadda yake. In ka baje shi yadda banki ke lissafi, ya kusa kashi 50 a shekara. A lokacin, ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana wajen kashi 18 ne. Na faɗa wa dillalin haka, ya yi dariya ya ce ashe Alhaji ɗan boko ne.

Duk da haka na karɓa, ido buɗe. Damina na tafe, kuma miliyan biyar a cikin buhunan taki daga Afrilu zuwa Agusta tana juyawa fiye da sau ɗaya, ta kawo abin da ya rufe wancan ƙari. Mai albashi ba shi da wannan hujja, shi ƙarin daga cikin tuwon gidansa zai fita. Ta fuskar addini kuwa na tambayi malaminmu, ya ce mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na kuɗi hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun a wurin ciniki, kuma ba za a ƙara komai ba in an yi jinkirin biya. Wannan sharaɗi na biyu sai da na sa aka rubuta shi a takarda gaban shaidu, domin a rubutun farko akwai tarar makara a ɓoye can ƙasa.

Akwai kuɗaɗen da ke manne da bashi waɗanda ba a ambatonsu sai an gama shan hannu. La'adar dillali. Na'urar bin sawu da mai motar ya ce dole a saka, kuma ni zan biya. Sai inshora. Ta gama-gari, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, wannan ba komai ba ne. Amma mai motar cikakkiya ya nema tunda da sauran kuɗinsa a ciki, ita kuwa ƙa'idarta ba ta yin ƙasa da kashi 5 na darajar mota. A kan miliyan 13, dubu 650 ke nan a shekara. Na yi ta takaful, wato inshorar Musulunci, na sabunta sau ɗaya kafin bashin ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardu. Mai motar ya riƙe ainihin takardun kwastan da makulli ɗaya sai na gama biya, ya ba ni hoto. A wani gari wannan ƙaramin abu ne. A Katsina ba haka ba ne. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga Jibiya ga Kongolam a bakin ƙofa, saboda haka babbar jif mai sabuwar lamba dole a tsayar da ita a tambayi duti, aikinsu ke nan. Mai hoton takarda kuwa bayaninsa ya fi na mai ainihi tsawo. Wanda zai yi irin wannan ciniki, ya tabbatar da lambar shasi ta dace da ta takardar duti kafin ya ba da ko sisi, domin motar da ta shigo ta bayan gida araharta ba ta da amfani ranar da aka kama ta.

To, wani abu ya faru da ban tsara shi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni kuma aka saki naira. Dalar da 'yan kasuwa ke saye wajen naira 750 ta haura 1,500 a farkon 2024. Komai ya tashi, har takin da nake sayarwa, amma dubu 400 ɗina tana nan dubu 400. Watannin ƙarshe biyan bai yi mini nauyin na farko ba ko kusa. Wato bashin da na shiga da tsoro shi ne ya zama ɓangare mafi sauƙi na mallakar motar. Sanannen adadi ne, yana da rana, yana da ƙarshe. Irin auren 'yar babban gida ne: sadaki sau ɗaya ake biya, riƙon ne kullum.

Mai shi ne na farko. Tankinta yana cin wajen lita 88. Lokacin da na saye ta lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, in ka samu, ka cika ta da ƙasa da dubu 20. Cikin 'yan kwanaki bayan cire tallafi ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Cika tanki ɗaya ya koma kusan dubu 90, ya fi mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin shekarar. Hukumar Amurka da ke auna shan mai ta ba wannan mota mil 12 a galan cikin gari, 17 a babbar hanya. In ka mayar da shi namu, wajen lita 20 ke nan a kilomita 100 cikin gari, 14 a hanya. Wannan kuwa da sabuwar mota aka auna, a titi mai kyau. Ka sa zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, esi a kunne tun daga gida, ga cunkoson 'yan Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa babbar kasuwa, abin ya wuce haka. Katsina zuwa Kano da dawowa wajen kilomita 340 ne, lita 50 ba ta isata in na yi yawo cikin Kano. Daura da dawowa, wajen kilomita 160, rabin wancan. Akwai wani yaro a gidan man da nake sha, da ya hango ni sai ya fara murmushi, ya ce, “Maigida, a cika ta?” Da can kai nake ɗaga masa. Yanzu yatsu nake nuna masa.

Ba yawan man kaɗai ba ne, har da irinsa. An ƙera injin ne don mai mai daraja, wanda a Turai da Amurka famfonsa daban ne. Mu a nan famfo ɗaya ne, abin da ya zo shi za ka sha. Kwamfutar motar tana rage wa injin kuzari don ta kare shi, saboda haka ƙarfin da ka biya kuɗinsa ma ba duka kake samu ba. Kuma injin yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, nozul ɗinsa ba sa haƙuri da datti ko ruwa. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, wanda ya kashe motoci a Legas da Abuja, ya san ba wasa ba ne. Ni dai man 'yan bumburutu bai taɓa shiga cikinta ba. In ana layi, ajiye ta nake yi in hau tsohuwar Corolla ta uwargida.

Juye kuwa lita 8 take sha na baƙin mai ɗan asali, siriri, 5W-20, ba irin mai kaurin da ake aunawa a bakin titi ba. Ba ta da sandar duba mai, a allon gaban direba ake gani, kuma na ga bakaniken da ya ɓata lokaci yana laluben sandar a cikin injin. Matatar iska biyu gare ta, da hunturu kuwa ƙurar Katsina ba ta barinsu su kai lokacinsu. Taya inci 20 ce mai siririn gefe, 275/40, kyakkyawa a ido, amma ramin da ya sha ruwa ya ɓoye bakinsa yana iya kumbura ta a bugu ɗaya, kuma tunda ƙafa huɗu ke ja kullum, ba a son ka haɗa sabuwa da wadda ta cinye sosai. Birkinta manya ne irin na motocin tsere, ga nauyi, sai ya zama takalmin birkin ba ya daɗewa. Duk waɗannan da dala ake shigo da su, farashinsu ya bi dala ya ninka.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun masu gyara. A Katsina muna da ƙwararrun bakanikai, amma ƙwarewarsu a Toyota ce da Honda da Peugeot da Golf, domin su ne a gari. Wata safiya na fito na tarar gaban motar ya durƙusa, ƙafar hagu ta kusa shigewa cikin bodi. Na kira wani dattijo da ya daɗe yana yi mana gyara. Ya zagaya ta, ya leƙa, ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, “Alhaji, gaskiya ɗaya ce. A cire iskar nan a sa mata sifirin, ka huta har abada.” Mutane da yawa haka suke yi, kuma ba shawarar banza ba ce. Amma in aka cire iskar, an cire abin da ya sa Hajiya ke yabon motar, ga fitilun gargaɗi da za su cika allo in ba a yi aikin da kyau ba. Na ƙi.

Da janwe aka kai ta Kano, kuɗin janwen kansa abin faɗa ne. A can wani matashi mai kwamfutar bincike ya ɗaga ta sama, ya kira ni ƙarƙashi da tocila. Ya sa farce ya kankare wani baƙin fenti mai sheƙi, sai ga tsatsa ja wur tana zubowa gari-gari. Ya ce motar daga yankin dusar ƙanƙara ta fito, inda ake watsa gishiri a titi, gishirin ya ci ƙarfen da ke riƙe da kayan iskar, jakar kuma roba ce da ta haura shekara goma. Wani ne a cikin waɗanda motar ta bi ta hannunsu ya fesa fentin don kada a gani. A kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ba a samu sabuwar jaka ba sai ta hannu, wadda shekarunta ɗaya da wadda ta mutu. Sai daga kasuwar Ladipo a Legas aka yi oda, motar ta yi zaman jira a garejin mutane. Na canza na gaba duka biyun, kuɗin ya kusa biyan wata biyu na bashin.

Shi wannan matashin ne ya lissafa mini abin da masu irin wannan injin ke sa wa ido in ya tsufa: sarƙar da ke daidaita bugun injin da robobin da take gudu a kansu, waɗanda in sun fara ƙara da sanyin safiya ba a jira, famfon ruwa, da bututan ruwa na roba da zafi ke busarwa har su tsage. Injin alminiyam ne, in ya yi zafi sau ɗaya sosai, magana ta koma ta sabon injin. Ya roƙe ni abu biyu: kada in bar kowa ya cire mata abin daidaita zafi kamar yadda aka saba yi wa motoci a nan da sunan wai ƙasarmu da zafi, kuma kada a zuba mata ruwan rijiya a lagireto. Bututan na canza su tun ba su fashe ba. Tun daga lokacin nake ware wani abu duk wata in ajiye da sunan motar, ko ta yi tari ko ba ta yi ba, kuma asusun bai taɓa yin ƙiba ba.

Akwai wani harajin da ba ya cikin kowace takarda. Ranar da ka sauko daga Range Rover, farashin komai ya canza. Mai faci zai ƙara, mai wankin mota zai ƙara, mai rago a kasuwar Mai'aduwa in ya ga abin da ka zo da shi ba zai sassauta ba. A wurin ɗaurin aure maroƙa kai za su fara yi wa kirari, ko da wanda ya zo a Corolla ya fi ka kuɗi sau goma. 'Yan uwa kuma lissafinsu mai sauƙi ne, wanda ke hawa wannan ba zai rasa dubu hamsin ba. Ga aron ɗaukar amarya, wanda hana shi ke jawo magana, bayar da shi kuma ke jawo tanki wayam da ƙyallen ado manne a fenti. Sannan yanayin tsaro ya sa akwai hanyoyin yammacin jihar da ba na shiga da ita ko da rana tsaka, in zan je wurin manoma ta can sai in bi motar haya. Ka ga an sayi motar shiga daji, an koma ana ɓoye ta daga daji.

Da na gama biya na karɓi takarduna, na gwada kai ta wurin dillalai don in ji ruwan kasuwa. A lissafin naira, abin da suka ambata ya fi abin da na saya, amma nairar ba ita ce ta 2023 ba, kuma ambato daban ne da mai saye. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini ba kunya: Highlander ko Lexus RX 350 in ta kwana biyu a filinsa ta daɗe, amma V8 mai jakar iska sai ta share watanni, kowa ya zo ya shiga ya ɗauki hoto ya tafi. Wanda ke da kuɗin riƙe ta sabuwar ƙira yake nema, ta 2014 zuwa sama mai jikin alminiyam da giya takwas, wadda ta fi sauƙin nauyi da shan mai. Wanda kuma kuɗinsa ya tsaya a irin tawa, yawanci ba shi da na riƙo.

Wa zan ce ya saya? Wanda ke da wata motar ta yau da kullum, wanda zai iya biya kuɗi hannu ko kuma yana da sana'ar da kuɗin da ya jinkirta za su yi masa aiki, wanda kuma ba zai ji komai ba in aka ce ya ajiye kwatankwacin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar gefe don gyaran shekarar farko. Ma'aikacin da zai haɗa biyan wata da mai da gyara duk a kan albashi ɗaya, ina ba shi shawara ya nemi Toyota. In kuwa zuciya ta nace, kada ya biya kafin alƙalami sai an ɗaga motar sama ya shiga ƙarƙashinta da kansa, an sa mata kwamfuta, an tayar da ita da sassafe injin na sanyi yana saurare, sannan ya bar ta ta kwana a wuri ɗaya ya dawo ya ga ko ta durƙusa. Mai motar da ya ƙi yarda da waɗannan, akwai abin da ya sani.

Tawa tana nan. Ranar Juma'a nake fito da ita, sai tafiyar Daura in za a ɗauko Hajiya, sai Kano in akwai baƙin da zan tara a filin jirgi. Zirga-zirgar shago ta koma kan Corolla, uwargida kuma ta ce in dai haka ne, man Corollar ma ya dawo wuyana.